Jirgin alkafura mai kujera biyu: Yadda abin gasa ya koma ajin koyon ceton fasinja

Waɗanda suka ga bidiyon nan na Brazil da ya karaɗe WhatsApp da Facebook a watan Agustan 2024 da wuya su manta da shi. Jirgin fasinja ne ƙirar ATR 72 na kamfanin Voepass yake faɗowa daga sama a kwance, yana juyawa kamar katantanwar da yaro ya murza, har ya ɓace a bayan wasu gidaje a garin Vinhedo na jihar Sao Paulo.

Duka mutum 62 da ke ciki sun rasu. Rahoton farko na masu bincike ya nuna cewa jirgin ya ratsa yanayin da ƙanƙara ke taruwa a kan fiffike, gudunsa ya yi ta raguwa kafin ya ƙwace.

Masana harkar jiragen sama suna ware wa irin wannan hatsari rukuni na musamman, wato jirgi ya kuɓuce daga hannun matuƙi yana tsakiyar tafiya. Alƙaluman da kamfanin Boeing da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, suka daɗe suna fitarwa sun nuna cewa shekara da shekaru babu rukunin da ya kai shi cin rayuka a jiragen fasinja. Ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru da wuya a fitar da mai rai.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin magungunan da hukumomi suka koma wa shi ne wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu da farfela ɗaya, wanda tun asali don gasar alkafura a sararin samaniya aka ƙera shi. A yau matashin da ke neman tuƙa Airbus ko Boeing a Turai ba zai taɓa kujerar ba sai ya yi sa'o'i a cikin jirgi na gaske, sau da yawa irin wannan, malami yana birkita shi da gangan.

Wane irin jirgi ne?

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Extra 300 da ƙannensa. Wani Bajamushe ne mai suna Walter Extra, wanda shi kansa ɗan gasar alkafura ne, ya ƙera shi, kuma ya fara tashi a 1988. Har yanzu a Jamus ake haɗa shi, a wani ƙaramin filin jirgi kusa da garin Dinslaken. Daga baya aka fito da 300L da 330LX, sai kuma Extra NG da aka nuna wa duniya a 2019.

Idan ka gan shi a ƙasa ba zai cika maka ido ba. Faɗin fiffikensa kimanin mita 8 ne, nauyinsa kuma ba tare da mai da mutane ba bai kai kilo 700 ba, wato ƙaramar mota ta fi shi nauyi. Amma injinsa ƙirar Lycoming yana da ƙarfin doki 300 zuwa 315, kuma an yi masa hanyoyin mai da na baƙin mai da ke ci gaba da aiki ko da jirgin yana tafiya a kife. Injin jirgin koyo na yau da kullum idan aka kifa shi na ɗan lokaci zai fara tari, domin mai ya daina isa gare shi.

Fiffiken da zaren kabon aka yi shi, kuma samansa da ƙasansa siffa ɗaya gare su, saboda haka jirgin bai damu ba ko cikinsa ne ke kallon ƙasa ko bayansa. Yana iya mirginawa zagaye guda cikakke a kusan daƙiƙa ɗaya.

Inda ya fi bambanta da sauran jirage shi ne juriya. Matuƙa suna auna matsin da juyi ke ɗora wa jirgi da jikin mutum da ma'aunin da suke kira "G". G ɗaya shi ne nauyinka kana zaune a gida. Jirgin fasinja an ƙera shi ya jure G 2.5 ne. Extra yana jure G 10 idan mutum ɗaya ne a ciki, G 8 idan mutum biyu ne, ko ta sama aka matsa shi ko ta ƙasa. A G 8, mai kilo 70 zai ji kamar ya kai kilo 560. Wanda bai saba ba tun daga G 4 ko 5 jini ke fara barin kansa, idonsa ya dushe.

Kujerun kuwa ɗaya a gaban ɗaya suke, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da sandar tuƙinsa, kuma galibi kowa goye da lemar sauka.

Ba shi kaɗai ba ne a kasuwa. Akwai GameBird GB1 da ake ƙerawa a jihar Arkansas ta Amurka, da Pitts mai fiffike hawa biyu, da CAP 10 na Faransa, da Super Decathlon, da Yak-52 da Sukhoi Su-29 na zamanin Tarayyar Sobiyet da Rasha. Amma Extra ne ya zama ma'aunin da ake gwada saura da shi. Tawagar nuna bajinta ta Jordan, Royal Jordanian Falcons, da shi take wasa, haka ma gasar tseren Red Bull ta yi amfani da 330LX wajen renon sababbin matuƙa kafin a rufe ta a 2019.

Gasar da ba kowa ya san da ita ba

Tun 1960 ake gasar alkafura ta duniya, kuma ta farko a birnin Bratislava aka yi ta. Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncinta a 2017 a garin Malelane.

Ba ganganci ake yi a wurin ba, duk da cewa haka mai kallo zai ɗauka. Ana shata wa matuƙi wani akwati a sama mai tsawo da faɗin mita dubu-dubu, kuma duk abin da zai yi a cikinsa zai yi. Kowane juyi yana da alamarsa a rubuce, bisa tsarin da wani matuƙi ɗan Sifaniya, José Luis Aresti, ya ƙirƙiro. Alƙalai na zaune a ƙasa suna ba da maki daga sifili zuwa 10, ana ninkawa da wahalar juyin. Layin da ya kamata ya miƙe tsaye idan ya karkace da digiri biyar, an rage maki.

Manyan zakaru jirgi mai kujera ɗaya suke shiga gasa da shi, domin ya fi sauƙin nauyi. Amma babu wanda ya fara daga can. Kujera ta biyun nan ita ce makarantar, kuma a ganina ita ce ta rufa wa masu ƙera jiragen asiri, domin 'yan gasa a duniya ba su da yawan da za su riƙe masana'anta. Makarantun tuƙi da masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido su ɗanɗana juyin ne suke sayen mai kujera biyu.

Daren da ya sauya tunani

A daren 1 ga Yunin 2009, jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, yana kan hanyarsa daga Rio de Janeiro zuwa Paris ɗauke da mutum 228. A saman tekun Atlantika ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudun jirgin, sai na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta saki, ta miƙa wa matuƙa. Matsala ce ta ɗan lokaci, injuna lafiya lau, fiffike lafiya lau.

Sai dai matuƙin da ke riƙe da sanda ya ja ta baya, hancin jirgin ya ɗaga, gudu ya ragu, har aka kai inda fiffike ya daina ɗaukar jirgin. Wannan shi ne abin da matuƙa ke kira "sitol". Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. Idan aka ɗaga shi ya wuce wani mizani, iskar sai ta ɓalle, jirgin ya fara nitsewa ko da injin na ruri.

Maganinsa ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. Kana faɗowa, amma dole ka tura hancin jirgin ƙasa domin iska ta sake kama fiffike. Wanda tsoro ya kama ja yake yi. Jirgin ya faɗo daga tsayin ƙafa kusan 38,000 cikin minti uku da rabi, ƙararrawar gargaɗi na ta kuka, kuma mafi yawan lokacin sandar a jaye take. Rahoton ƙarshe da hukumar binciken Faransa ta fitar a 2012 ya nuna cewa matuƙan ba su gane halin da suke ciki ba, kuma ba su samu horon tuƙi da hannu a irin wannan tsayi ba.

Wata huɗu kafin haka, a Fabrairun 2009, jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo na Amurka, mutum 50 suka mutu. Nan ma na'ura ta yi gargaɗin sitol, kyaftin ya ja maimakon ya tura. A Disamban 2014 jirgin AirAsia da ya tashi daga Surabaya ta Indonesiya ya bi kusan wannan sawu da mutum 162.

Darasin da aka fitar mai ɗaci ne. Jiragen zamani sun iya tuƙa kansu har ta kai matuƙi zai tara dubban sa'o'i a littafinsa alhali abin da ya tuƙa da hannunsa 'yan mintocin tashi da sauka ne. Ranar da na'ura ta saki kuwa ba ta sallama.

Mu ma mun ɗanɗana

Kada mai karatu ya ɗauka labarin Turawa ne. A ranar 7 ga Nuwamban 1996, jirgin ADC ƙirar Boeing 727 da ya taso daga Fatakwal yana gangarowa Legas, sai ya yi kusan karo da wani jirgi. Matuƙin ya karkata don kaucewa, karkatar ta wuce kima, jirgin ya ƙwace ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 suka tafi, cikinsu har da shahararren malamin kimiyyar siyasa Farfesa Claude Ake.

Shekara goma bayan nan, ranar 29 ga Oktoban 2006, wani jirgin ADC ɗin, Boeing 737, ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari. Jim kaɗan da tashinsa iska ta juya masa ba zato. Binciken hukuma ya ɗora laifin kan shawarar tashi a wannan yanayi da kuma yadda aka tunkari iskar, inda aka ɗaga hancin jirgin fiye da kima har ya shiga sitol. Mutum 96 suka rasu, ciki har da marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi Maccido.

Na Kamaru ya fi kowanne nuna inda gizo ke saƙa. A daren 5 ga Mayun 2007, jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737-800, wanda bai fi wata shida da fitowa daga masana'anta ba, ya tashi daga Douala cikin duhu da ruwan sama. An zaci na'urar tuƙi ta karɓi aiki, ashe ba ta karɓa ba. Jirgin ya riƙa karkata dama sannu a hankali ba wanda ya ji, domin abin da ke auna daidaito a cikin kunnen ɗan Adam ba ya jin karkatar da ke zuwa a hankali. Da ƙararrawa ta yi kuka, kyaftin ya ruɗe, ya ƙara karkatar maimakon ya gyara. Jirgin ya nitse cikin fadama da mutum 114, ƙasa da minti biyu da tashinsa.

Me ake koya a cikin sa'o'i uku?

A 2014 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ta fitar da ƙa'idojin wani horo da ake taƙaita sunansa da UPRT, wato koyon kauce wa birkicewar jirgi da kuma dawo da shi idan ya birkice. A ma'aunin da aka saba amfani da shi, jirgi ya birkice idan hancinsa ya ɗaga sama da digiri 25, ko ya sunkuya fiye da digiri 10, ko ya karkata fiye da digiri 45 ba da niyyar matuƙi ba.

Daga nan hanya ta rabu. Amurka ta tilasta wa kamfanonin jiragenta su ba matuƙansu horon a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, wa'adin ya cika a Maris ɗin 2019. Turai ta ƙara mataki. Daga 20 ga Disamban 2019, hukumar EASA ta ce sabon matuƙin da zai fara koyon jirgin fasinja sai ya yi aƙalla sa'a biyar ta darasi a aji da sa'a uku a cikin jirgi na gaske tare da malami. Dokar ba ta ambaci sunan wani jirgi ba, amma makarantu da dama jirgin alkafura suka saya ko suka yi haya.

Dalilin Turai mai sauƙin fahimta ne. Na'urar kwaikwayo ɗaki ce a kan ƙafafu shida, tana iya jijjiga ka ta karkata ka, amma ba za ta iya danne ka a kujera da nauyinka ninki uku ba, ba kuma za ta iya rataye ka a bel kanka a ƙasa ba. Sannan a can cikin ranka ka san ba za ka mutu ba. Abin da ya kashe mutane a tekun Atlantika da fadamar Douala kuwa har da razana, daƙiƙun nan na farko da ƙwaƙwalwa ke tsayawa cik.

A darasin, malami zai ce wa ɗalibi ya rufe ido, ya birkita jirgin, sannan ya ce "karɓi". Ɗalibi zai buɗe ido ya ga ƙasa a inda ya san sama take. Abin da ake so ya zame masa jiki shi ne tsari: ya sassauta sanda don rage wa fiffike nauyi, ya mirgina jirgin ta hanya mafi kusa har fiffike su daidaita, ya gyara ƙarfin inji, sai a ƙarshe ya ja a hankali. Wanda ya ja sanda jirgi na kife, ƙasa ya nufa kai tsaye. Ana maimaitawa har hannu ya riga tsoro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙarfin jirgin a nan yake amfani. Ɗalibi zai yi kuskure, don haka ma aka kawo shi, kuma kuskuren da zai lanƙwasa fiffiken jirgin koyo na yau da kullum bai kai rabin abin da Extra ke jurewa ba.

Sai dai a lura, babban burin horon shi ne kada a kai ga birkicewar. Jirgin fasinja idan ya shiga irin juyin da aka gani a Vinhedo, da wuya wani gwani ya fitar da shi. Aikin yana can baya, lokacin da gudu ya fara raguwa.

Masu suka ma suna da hujja

Akwai matuƙan da ke ganin koyar da mai tuƙa jirgi mai tan 70 a cikin jirgi mai kilo 700 tamkar koya wa direban tirela tuƙi a kan babur ne. Extra yana amsa umarni nan take, yana yafe mugun ja da mugun taku. Jirgin fasinja ba ya yafewa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce hatsarin American Airlines mai lamba 587 a birnin New York, ranar 12 ga Nuwamban 2001. Jirgin Airbus A300 ya shiga guguwar da wani babban jirgi ya bari a bayansa, mataimakin matuƙi ya riƙa taka fedar wutsiya hagu da dama da ƙarfi har wutsiyar ta ɓalle. Mutum 265 suka mutu. Hukumar binciken Amurka ta ce wani horon kauce wa birkicewa da kamfanin ke bayarwa yana cikin abubuwan da suka taimaka wajen kuskuren. Wato horon da aka yi ba daidai ba yana iya kisa kamar rashinsa.

Wannan ya sa masu tsara UPRT ke nanata cewa ba alkafura ake koyarwa ba. Ɗan gasa yana neman kyan juyi, matuƙin fasinja kuwa ana so ya fita daga juyin ba tare da ya wuce G 2.5 ba, kamar dai Boeing ɗin yake riƙe da shi. Malamin da ya ɗauki ɗalibi don ya burge shi ya ɓata sa'o'in uku. Shi ya sa wasu makarantu suka fi son jirage masu sanyin hali, masu kujeru gefe da gefe, inda malami ke ganin hannun ɗalibi da fuskarsa. Ina ganin suna da gaskiya a nan.

Zariya, Kaduna da batun mai

Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da matuƙa daga Najeriya da maƙwabta. A shekarun baya-bayan nan ta koma ga jiragen Diamond DA40 da DA42 ƙirar Ostiriya, haka ma kwalejin Ilorin da su take aiki. Jirage ne masu kyau da na'urorin zamani, amma ba a amince a yi alkafura ko juyin katantanwa da gangan da su ba.

Ɗaya daga cikin dalilan komawa gare su shi ne mai. Sababbin Diamond na Zariya suna shan irin man da jiragen fasinja ke sha, wanda ake samu a kowane babban filin jirgi. Extra da 'yan uwansa kuwa man Avgas suke sha, wanda sai an shigo da shi, ga tsada ga wahalar samu. Man ma kansa kwanansa ya kusa ƙarewa, domin yana ɗauke da dalma, kuma Amurka ta sa wa kanta burin rabuwa da shi zuwa ƙarshen 2030. An gwada na lantarki: a Nuwamban 2016 Walter Extra da kansa ya hau mita 3,000 cikin minti 4 da daƙiƙa 22 a wani Extra mai injin Siemens. Amma abin bai wuce gwaji ba.

Sai kuɗi. Sabon jirgi ɗaya yana kaiwa wajen rabin dala miliyan. Da yawa ne, sai dai cikakkiyar na'urar kwaikwayon Boeing guda ɗaya tana haura dala miliyan 10. Tambayar da ta fi damuna ita ce wa zai biya sa'o'in. Mutanen Kano sun san labarin matasa 100 da gwamnatin jihar ta tura Jordan koyon tuƙi, waɗanda da yawansu suka dawo da lasisi suka zauna shekaru ba aiki saboda rashin kuɗin ƙarin horo na takamaiman jirgi. Duk wani sabon sharaɗi da za a ɗora, idan ba a yi hattara ba, a wuyan irin waɗannan zai sauka.

A ƙa'idar ICAO, yin horon a cikin jirgi na gaske shawara ce ga masu neman lasisin tuƙin haya na yau da kullum, kowace ƙasa ce ke yanke wa kanta. Amma matashin da ke son aiki da lasisin Turai ba shi da zaɓi.

Akwai wata dama a kusa. Rundunar sojin saman Najeriya ta sayi jiragen Super Mushshak guda 10 daga Pakistan a yarjejeniyar 2016, tana koyar da su a Kaduna. Kujerunsu gefe da gefe ne, an kuma ƙera su su jure juyi, domin matuƙin soja tun a matakin farko ake kifa shi. Tsakanin Kaduna da Zariya bai fi kilomita 80 ba. Haɗa soja da farar hula a aji ɗaya yana buƙatar amincewar hukumar NCAA da daidaita manhaja, kuma aikin ba ya rasa haɗari, domin ɗaya daga cikin jiragen ya faɗi a Kaduna a Afrilun 2022 ya kashe matuƙa biyu.

Ko da an sayi jirgin gobe, malamin ne zai yi wuyar samu. A dokar Turai, wanda zai koyar da wannan darasi sai ya tara aƙalla sa'a 500 ta tuƙi, 200 daga ciki yana koyarwa, sannan ya yi wani kwas na musamman a gwada shi. A Najeriya kuwa malamin da ya tara irin waɗannan sa'o'i kamfanonin jiragen fasinja ne ke jiransa a bakin ƙofa, da albashin da makarantar gwamnati ba za ta iya biya ba.